Wai akwai wanda ya karanci harkar katun a nan? Ina neman shawara

Ɗan_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya kuma kar a min dariya. Ni dai tun ina ƙarami ba abin da nake so kamar katun, lokacin ba mu da talabijin a gida sai dai mu je gidan maƙwabta, in NEPA ta kawo wuta da yamma zaka ga mun cika falon mutane kamar an kira mu, Tom and Jerry ne, Voltron ne, daga baya da suka sa dish sai MBC3 da Spacetoon, ko Larabcin bama ji amma haka zamu zauna har a kira magariba a koro mu. To ni ban tsaya a kallo ba, gefen littafin lissafina duk zanen ɗan mutum ne, kowane shafi in ɗan matsar da ƙafarsa, in ka kaɗa shafukan da sauri sai kaga yana gudu. Na sha bulala a kan wannan ba sau ɗaya ba. Yanzu na gama sakandare zan cike JAMB, Baba yace famasi zan sa, ni kuma wallahi zuciyata tana wajen animeshon. Shin ana karanta shi a nan Zariya? Kuma mutum zai iya cin abinci da shi ko dai yarinta ce take damuna?

Graphics_Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ba yarinta bace, wancan abin da kake yi a gefen littafi shine ainihin aikin, sauran duk ƙari ne. Ni ina ajin ƙarshe a ABU. Abin da ya fi kusa da abin da kake so a wajenmu shine Industrial Design ɓangaren graphics, ko kuma Fine Arts, duka suna Faculty of Environmental Design a Samaru. Amma bari in gaya maka gaskiya tun kafin ka shigo kace an yaudare ka, makaranta zata koya maka zane, launi, yadda jikin mutum yake, yadda ake tsara hoto, wannan kam zaka same shi har ka gaji. Motsin kuwa mafi yawa kai zaka zauna da dare ka koya da kanka a YouTube.

Kuma ka san lissafin tun yanzu. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu sukan rage su yi zane 12 kowanne ya tsaya sau biyu. To minti ɗaya kacal zane 720 kenan. Na taɓa kwashe sati uku a kan wani yaro yana ɗiban ruwa a rijiya, daƙiƙa ashirin, da na nuna wa ƙanwata sai tace "shikenan ya ƙare?" Ranar ban ci tuwon dare ba. Kallon katun daɗi, yin sa kuwa zaman ɗinki ne, in baka da haƙurin tela mai surfani kar ma ka fara.

Alhaji_Sabongari:
Yaro ka bi maganar mahaifinka. Mai famasi ko a ƙauye ya buɗe kemis zai ci abinci. Katun wa zai saya a Zariya? Mutanen da ko fim ɗin Hausa sai dai a tura musu a waya a naira hamsin. Sannan ma baku yi maganar zanen mai rai ba, ko kun manta?

Maman_Ilham:
Alhaji Allah ya ƙara girma, amma tambayar wa zai saya ɗin nan ni zan amsa, mu ne. 'Ya'yana uku, duk ranar Asabar waya tana hannunsu, kuma abin da suke kallo ko Turanci ko Larabci ko wasu masu ihu da ban san kansu ba. Auta ta ta san sunan kowane kare a katun ɗin Turawa amma rannan nace mata Gizo da Ƙoƙi sai tace su waye, 'yan ajinsu ne? Na yi dariya amma abin ya tsaya min a rai. Mu da kakarmu take mana gatanan gatananku a tsakar gida a Gyallesu, ga Botorami, ga kura da ake ta yi wa wayo, duk suna nan a zube babu mai ɗauka. Kuma ba wai ba a taɓa yi a ƙasar nan ba, Bino and Fino ai ɗan Najeriya ne ya yi shi, Adamu Waziri, a Abuja. Katun ɗin Iwájú da Disney suka fitar a 2024 da Kugali, wani kamfanin 'yan Afirka, suka yi shi kuma labarin Legas ne. Su sun kai garinsu, mu muna nan muna jiran a fassara mana na wasu kamar yadda ake mana da fim ɗin Indiya.

Maganar kuɗi kuma, ƙanin mijina irin aikin yake, ba fim yake yi ba, 'yan gajerun bidiyo ne na talla da na wayar da kai, rigakafi, wanke hannu, irin waɗannan, ƙungiyoyi suke bashi. Wani watan ya samu sosai wani watan shiru, ba zan ɓoye ba. Amma dai bai taɓa zuwa rance wajenmu ba.

Malam_Kongo:
Tambayar Alhaji ta zanen mai rai ba abin wasa bace, kuma ina zargin ita ce a zuciyar mahaifin yaron ko da bai furta ba. Malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci musamman in abin koyar da yara ne. Ni ba mai fatawa bane, Zariya kuwa ba a rasa malamai ba, ka je da kanka ka tambayi wanda gidanku suka yarda da shi, kar ka ɗauko hukunci a intanet.

Abin da ya sa na sa baki daban ne. Yaran yanzu gani suke komai daga Amurka ko Japan ya fara. Nan maƙwabtanmu Nijar, Moustapha Alassane yana yin katun tun shekarun 1960, da kwaɗi yake yi wa shugabanni shaguɓe, ba kwamfuta ba komai, ya zauna a Tawa, ya rasu 2015. Kuma garin nan da kake ciki, a 1958 ne ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama ABU, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu tun kafin a buɗe ABU a 1962, maganarsu ita ce a koyi dabarar Bature amma a zana namu. Har yau in ana tarihin zane a Najeriya sai an ambaci Zariya. Mu 'yan gari ne muke wucewa ta gaban wurin a kan acaɓa bamu sani ba.

Graphics_Samaru:
Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya ƙanina, kar rashin kayan aiki ya zama hujja. Akwai manhajojin yin katun, FlipaClip a waya yake, Krita da Blender na kwamfuta kyauta ne ba ko sisi, kuma kar ka raina Blender, fim ɗin Flow na 'yan Latbiya da ya ci Oscar a 2025 da shi aka yi. Matsalarmu ta gaske wuta ce, ka bar kwamfuta tana haɗa aiki cikin dare a ɗauke wuta batir ya mutu ka tashi ka tarar da rabi, shi yasa na koma yin zanen 2D, wato shimfiɗaɗɗen zane irin na takarda, ya fi sauƙi a kan ƙaramar laftof. Kuma masu bada aiki ba wanda ya taɓa tambayata takarda, cewa suke turo abin da ka yi mu gani. Don haka ko famasin ka shiga ƙofa bata rufe ba, sai dai lokaci ne zai maka wuya, 'yan famasi ko barci basa samu.

Ɗan_TudunWada:
Nagode sosai wallahi, Allah ya saka. Yaya Graphics na sauke FlipaClip ɗin tun jiya, na fara Gizo yana satar gyaɗa a gona, zane 36 na yi wato daƙiƙa uku kenan a lissafinka, yatsana har ya ƙage kuma tafiyar tasa kamar mai ciwon baya. Mama ta gani tayi ta dariya tace in ƙarasa ita zata nuna wa Baba da kanta bayan sallar isha in ya ci abinci. Tambaya ɗaya, ƙafafun Gizo takwas zan yi ko in bar shi da biyu kamar mutum? Don takwas ɗin nan zasu kashe ni.

Maman_Ilham:
Biyu mana, ka sa masa 'yar shara da hula. Wa ya taɓa ƙirga ƙafar Gizo a tatsuniya? Amma kar ka manta da tsamin bakin, in bai ce "shayki" ba ba Gizo bane. In ka gama ka turo, 'yan gwaji uku suna nan suna jira.