Yaya mai kaɗa fiyano ke yawon duniya da kiɗansa?

Ɗan Zazzau:
Jama'a, barkanku. Masu kaɗa fiyano irin na gargajiyar Turai, yau Landan gobe Tokyo, da fiyanonsu suke tafiya ko kuwa? Kuma ta ina ake shiga harkar?

Malam Mai Kiɗa:
Galibi ba sa ɗauka. Babban fiyanon kamfanin Steinway samfurin D tsawonsa santimita 274, nauyinsa kusan kilo 480. Zauren wasan ke ba da nasa, makaɗi ya gwada kwana ɗaya kafin wasa, mai gyara ya daidaita sauti da nauyin maɓallan. Krystian Zimerman, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Poland, na cikin 'yan kaɗan masu tafiya da nasu. Inda ake samun matsala shi ne ma'aunin sauti: Ingila da Amurka kan ɗaure sautin A, wanda ake auna sauran da shi, kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, ƙungiyoyin makaɗa na Jamus da Ostiriya kan kai 443. Idan ba a sanar da wuri ba, sai a sake ɗaure wayoyi sama da 200, kuma ba sa zama nan take.

Hajiya Gwaggo:
Ƙofar shiga yawanci gasa ce. Ta Chopin a Warso duk shekara biyar, an fara ta a 1927. Ta Van Cliburn a Texas duk shekara huɗu. Yunchan Lim, ɗan Koriya ta Kudu, ya ci ta Van Cliburn ta 2022 yana ɗan shekara 18. Amma cin gasa kaɗai bai isa ba. Sai wakili nagari, domin manyan zaure kan cika jadawalinsu shekara biyu gaba.

Baba Alhaji:
Ɗan Zazzau, kada ka manta biza da haraji. Amurka kan cire kashi 30 daga ladan baƙon makaɗi idan babu wata yarjejeniya, wakili ma ya ɗebi nasa kason.