Kubwa ko Lugbe: ina ya fi wa mai yara 'yan makaranta?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinsu yana Sakatariyar Tarayya. Yaranmu uku: babbar tana aji shida na firamare, bana za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, sai mai aji uku, sai autan da ke nazire. Ni na ce Lugbe, don ƙawata tana can kuma ta ce makarantu na kusa da gida. Shi kuwa yayansa ya riga ya cusa masa Kubwa, har an fara cigiyar gida ba wanda ya tuntuɓe ni. Ni ce mai tashinsu da asuba, ni ce mai duba littattafansu, amma ni ce ta ƙarshen ji. Fisabilillahi in baro Kano in kai yarana ƙauye? Waɗanda suka san wuraren nan biyu ku gaya min gaskiya.

Ɗan Kubwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Kubwa ce ƙauye? Kin taɓa taka ƙafarki a can kuwa? Garin da ke da babban asibiti, da sansanin 'yan bautar ƙasa, da tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna? Ki janye wannan kalmar tukunna, sai mu yi maganar makaranta.

Anti Balaraba: Ai ba ƙarya ta yi ba. Ku da kanku kuna da unguwar da kuke kira Kubwa Village, har da kasuwarta. To mene ne abin jin haushi?

Ɗan Kubwa: Anti, Lugbe ma ai a kan tsohon ƙauye aka gina ta. Ki fita daga rukunin gidajen Federal Housing ki gangara ciki da damina, ki ga inda mota ke kafewa a taɓo. Kwaltarku ta bakin titin filin jirgi ce kawai, ta idon baƙi.

Baban Sadik: Ni a ganina ƙauye shi ne inda mai ruwa ke tura kura yana bin gida gida. Sassa da dama na Kubwa suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma da ke yankin Bwari. A Lugbe in babu burtsatse a gidan, jarka ce za ta cinye albashinka.

Anti Balaraba: Kai ma ka faɗa da bakinka, Bwari. Kubwa ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari take, Lugbe kuwa a ƙaramar hukumar birni take, AMAC. Ko a takarda an raba gari da ƙauye.

Malamin Firamare: Jama'a, baiwar Allahn nan makaranta ta tambaya. Hajiya, abin da zan gaya miki daga cikin aikin: idan makarantar gwamnati kike nufi, babu bambanci tsakanin wuraren biyu. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun shiga yajin aiki tun daga watan Maris har Yuli, a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Yaran Kubwa da na Lugbe tare suka zauna a gida. Idan ta kuɗi ce, to kada ki dubi fenti da motar makaranta. Ki shiga aji shida ki buɗe littafin yaro ɗaya, ki ga ko ana maki. Sannan babbar taki, in da hali a bar ta ta ƙarasa shekarar a Kano. Ciro yarinya ana dab da jarrabawa yana karya ta, na sha gani.

Gwaggon Yara: Malam ya yi magana amma ba wanda zai ji. Ni abin da ya tsaya min shi ne 'yar nan tana cewa "ni na ce, ni na ce". Ke 'yata, miji ne ke biyan haya. In ya ce Kubwa, ki yi addu'a ki bi shi. Ga ɗan uwa kusa, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi za ki san amfaninsa.

Maman Ummi: Gwaggo, ban ce ba zan bi shi ba. Shawara ce ba a yi da ni ba.

'Yar Fagge: Gwaggo ki yi haƙuri, wannan ba rashin biyayya ba ne. Shi zai fita da safe sai dare. Ita za a bari da kai yara, da ɗauko su, da Islamiyya da yamma, a garin da ba ta san kowa ba. Yayan miji ba shi zai tsaya bakin titi da yara uku yana jiran Keke Napep ba.

Ɗan Ƙasa: Ni Bagbagyi ne, kuma wannan "ƙauye, ƙauye" da kuke jifan juna da ita ta dame ni. Ƙauyukan nan na iyayenmu ne. Kafin dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala da ta kafa Abuja, kafin a taso daga Legas a 1991, mu ne a Kubwa, mu ne a Lugbe, muna noman doya. An karɓi gonaki an yi rukunin gidaje, yau kuma sunan wurinmu ya zama zagi a bakin 'yan haya.

Baban Sadik: Allah ya ba ka haƙuri ɗan uwa, ba da ku Gwarawa ake ba.

Ɗan Ƙasa: Gbagyi muke kiran kanmu, Malam.

Baban Sadik: To ai mu haka muka taso muka ji ana faɗa, ba raini ba ne.

Na Mararaba: Duk ku bar wahalar da kanku. Hajiya ki zo Mararaba, haya da sauƙi, Hausawa ko'ina, Islamiyya kowane lungu.

Anti Balaraba: Mararaba jihar Nasarawa ce, ba a sa da ku ba. Kuna so yara su yi sallar asuba a cikin cunkoson Nyanya?

Na Mararaba: To ku da ake tsare muku titi duk ranar da wani babba zai tafi filin jirgi fa?

Ɗan Kubwa: Kuma Anti ba ta faɗa wa Hajiya ambaliyar rukunin gidajen Trademore ba. Watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje da motoci a can, duk duniya ta ga hotunan. A Lugbe ne ko ba a Lugbe ba?

Anti Balaraba: Rukuni ɗaya ne, a bakin hanyar ruwa yake. Tunda tone-tone kake so, a watan Janairun 2024 a wane yanki aka riƙa shiga gidaje ana sace mutane? Ba yankin Bwari da Dutsen Abuja ba? Uwa ce take tambaya, ka gaya mata wannan ma.

Ɗan Kubwa: Dutse daban, cikin Kubwa daban. Kin haɗa su ne don ki tsorata ta.

Direban Zuba: Ni direba ne, ba ni da gida a ko ɗaya. Titunan biyu, na Kubwa da na Lugbe, duk manya ne, amma da safe kowa cikin gari ya nufa, da yamma kowa ya juyo. Duk inda kuka zauna, makarantar yara ta kasance a unguwar, kada a ce uba zai riƙa sauke su a Wuse ko Garki kan hanyar ofis. Ina ganinsu ƙarfe shida, yaro na barci a bayan mota da burodi a hannu. Abu ɗaya da Kubwa ta fi: in za ku gida, kun fita sai Zuba, sai Kaduna, sai Zariya, sai Kano. Daga Lugbe sai kun yi zagaye.

'Yar Fagge: Su dai 'yan Abuja komai nasu kuri. Wanda ya tashi a Kano, ya san Kurmi da Kwari, duk waɗannan wuraren ƙauye ne a idonsa.

Baban Sadik: To me ya kawo ku?

Ɗan Kubwa: Tunda ni ne mai kula da zauren nan, bari in taƙaita don maganar ta yi tsawo. Abin da aka cimma: Kubwa ba ƙauye ba ce, kuma kowa ya yarda. Ta fi ruwa, ta fi kusa da hanyar gida, ga jirgin ƙasa, ga dangi. Lugbe na da matsalar ambaliya da taɓo. Malam ya tabbatar makarantu duk ɗaya ne, don haka babu hujjar ƙin Kubwa. Shawarar zaure ita ce Hajiya ta bi maigidanta.

Anti Balaraba: Wa ya yarda? Ina maganar tsaro a taƙaitawar taka? Ka cire duk abin da bai yi maka daɗi ba.

Malamin Firamare: Ni na gwamnati na ce duk ɗaya ne, ban ce na kuɗi ba.

Maman Ummi: Malam, don Allah in na bar babbar a Kano wurin mahaifiyata har ta gama jarrabawa, ƙananan biyun za a karɓe su a tsakiyar zango, ko sai Satumba?