Musayar waƙa: tsohon Omaha da kyautar da ta jira shekara 75

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wannan karon zancen Warren Buffett za mu yi, attajirin Amurka da ya sanar a watan Mayun 2025 cewa zai bar wa Greg Abel shugabancin kamfanin Berkshire Hathaway a ƙarshen shekarar. Amsa-amo "wa" ne. Wanda ya karya, tarar baiti biyu.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke bayarwa, Shi ke hanawa.

Zancen wani tsoho zan kawo,
Na Omaha, gwanin saye da riƙewa.

A 1930 aka haife shi,
Juma'a mai kyau, Laraba ke nunawa.

Yana ɗan 11 ya sayi hannun jari,
Guda uku, kullum yana leƙawa.

Dala 38 kowane ɗaya,
Farashi ya faɗi, ciki na ƙullewa.

Da ya kai 40 sai ya sayar,
Bayan ya saki, abin ya yi ta hawa.

Har wajen 200 ya dangana,
Yaro ya ga illar gaggawa.

Ya kai jarida ƙofa-ƙofa da asuba,
Abin da ya samu yana adanawa.

A jami'ar Columbia ya durƙusa gaban malaminsa Graham,
Ya koyi awon kamfani kafin tayawa.

A 1965 ya kama wata masaƙa,
Berkshire, tana gab da durƙushewa.

Zare ya ƙare, suna ya tsaya,
Ya zuba inshora, ya yi ta yaɗuwa.

Gidan da ya saya tun 1958,
Dala 31,500, bai yarda da sauyawa.

Albashi dubu 100 a shekara,
Shekara da shekaru babu ƙarawa.

A 2006 ya kwance bakin jaka,
Yana da 75, sai ga rabawa.

Kaso mafi tsoka gidauniyar Gates,
Saura gidauniyoyi huɗu na gida ke karɓawa.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse,
Ga romo nan, duniya na kurɓawa.

Uwar Marayu:
Wa alaikumus salam, Malam. Alƙalami ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma ni a wajen 75 ɗin nan ƙafata ta tsaya.

Malam, sannu da dafa dutse,
Sai dai yunwa ba ta jiran dahuwa.

Shekara 50 yana ninka dala,
Yara nawa zazzaɓi ya yi ta ɗaukewa?

Jaririn da sauro ya kayar a 1980,
Ribar 2006 ba ta buɗe masa kushewa.

Matarsa Susan ta rasu a 2004,
Bayan nan muka ga hannu na buɗewa.

In mai kyauta kuke nema, ga Feeney,
Mai shagunan filin jirgi, maƙiyin nunawa.

Shekara 15 yana aikawa a ɓoye,
Mai karɓa na tambayar wa ke aikowa.

Biliyan 8 ya fitar da ransa,
A 2020 gidauniyarsa ta kai ga rufewa.

Gidan haya ya zauna a San Francisco,
Aljihu kusan wofi ya tarbi mutuwa.

A bari ya huce ke kawo rabon wani,
Gobe ba ta hannun mai tarawa.

Tsohon Akawu:
Hajiya, maganarki da nauyi, baitin jaririn nan sai da na karanta shi sau biyu. Amma a yi wa mutumin adalci: ba wai kafin 2006 bai taɓa bayarwa ba, babban rabon ne ya jinkirta. Bari in shigo da abin da na iya.

Hajiya, na ji, kuma ya taɓa ni,
Amma zo mu ga yadda kuɗin ke haihuwa.

Mai inshora yau yake karɓar kuɗi,
Biya sai ran da hatsari ke aukuwa.

Tsakanin karɓa da ranar biya,
Kuɗin jama'a ne yake juyawa.

A 1972 suka sayi See's,
Dala miliyan 25, kamfanin alewa.

A 1988 ya shiga Coca-Cola,
Har yau yana riƙe, ba ya sayarwa.

Riba ba a raba wa masu jari,
Gona ake mai da ita, a sake shukawa.

Wanda ya cinye irinsa da rani,
Da kaka ba ya cikin masu girbewa.

Da ya raba abin hannunsa tun 1970,
Da miliyoyi ne, ba wuyar ƙarewa.

Ga shi ya haura biliyan 60 da bayarwa,
Abin da ya rage kuma sai ƙaruwa.

Ƙarin bayani ga masu son ƙwaƙwaf: sau ɗaya tak Berkshire ta raba riba a zamaninsa, a 1967. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ɗan Auta:
Baba Akawu, a yi min afuwa, ni ga nawa.

Baba Akawu, ni yaro ne,
Zancen biliyan ya fi ƙarfina.

Tsohon da ke shan Coca-Cola kullum,
Ya haura 90, ina likitocina?

A 2011 shi da kansa ya rubuta,
A New York Times, ba ƙagen bakina.

Harajinsa kashi 17 cikin 100,
Ƙasa da na ma'aikatansa, ku ji mana.

Wanda hukuma ta tatsa da sauƙi,
In ya yi kyauta, wa zan gode wa a raina?

Malamin Lissafi:
Kai Auta, "wa" muka ce, ka zo mana da "na".

Auta, ka karya mana amsa-amo,
Tara na kanka, babu yafewa.

Amma takardar nan da ka ɗauko,
Cewa ya yi a ƙara musu, su masu tarawa.

Wanda ya kai ƙarar aljihunsa,
Ai ya ci ko da 'yar jinjinawa.

Ɗan Auta:
Tuba nake, Malam. Biyu aka ce, ga uku, ɗayan na toshiyar baki ne.

Na biya, Malam, ga shi a hannu,
Kar a ce Auta na gudun gyarawa.

A 2010 Buffett da Bill da Melinda Gates
Sun kira attajirai alkawarin bayarwa.

Rabi ko fiye, da rai ko a wasiyya,
Sai dai ba kotun da ke tilastawa.

Uwar Marayu:
Auta, Allah ya shirye ka, amma baitinka na ƙarshe ya faɗi gaskiya. Baba Akawu, na dawo gare ka.

Baba, lissafinka ya fita daidai,
Ba ni da bakin musantawa.

Amma ba dala kaɗai ke ninkuwa ba,
Rashi ma yana da tasa haihuwa.

Yarinyar da ba ta shiga aji ba,
'Ya'yanta da jikoki ke ɗanɗanawa.

Rigakafin da aka yi tun da wuri,
Shi ma riba yake ta ajiyewa.

Yaron da ya tsira ya zama likita,
Mutum nawa zai yi ta cetowa?

Wannan shafin babu shi a littafinka,
Don ba a kasuwar jari ake bugawa.

Tsohon Akawu:
Kin kama ni, Hajiya. Shekarun da na yi ina haɗa lissafi, ban taɓa ganin layin da ake rubuta ran da aka ceta ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne maganar wasiyya. Ya yi alkawarin fiye da kashi 99 cikin 100 na dukiyarsa zai tafi ga ayyukan alheri. A 2024 kuma ya bayyana cewa bayan ransa gidauniyar Gates ba za ta ƙara samu ba, ragowar za ta koma hannun 'ya'yansa uku su raba wa mabukata.

Hajiya, a nan na ajiye biro,
Wannan shafin ya fi ƙarfin ƙirgawa.

Amma ba gado ya bar wa 'ya'ya ba,
Amana ce, aikinsu fitarwa.

Susie da Howard da autansu Peter,
Sai bakinsu ya zo ɗaya ake sakewa.

Shekara 10 ya yanka bayan an gama gado,
Ko sisi ba a bari don ajiyewa.

Uwar Marayu:
To, madalla da wa'adin. Biyu suka rage min, sai in tashi.

Baba, 'ya'yan ma furfura ta fito,
Babbarsu ta haura 70, tana ƙarawa.

A gaya musu tukunya ta daɗe a wuta,
Kar su ma su zauna jiran dahuwa.