Koyarwa da safe, Islamiyya da yamma, ga karatun digiri: ina lokacin zai fito?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Kano, ina da takardar shaidar malanta ta NCE, kuma na shiga jami'ar karatu daga gida ta NOUN domin in samu digiri ba tare da na ajiye aikina ba. Da safe ina makaranta har azahar, bayan la'asar ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, idan aka yi isha'i kuwa gajiya ba ta barina in wuce shafi biyu. Asabar da Lahadin da nake sa wa rai, ɗaurin aure da suna da ta'aziyya ne suke cinye su. Ina neman shawarar waɗanda suka haɗa aiki da karatu da iyali, domin ba na so in fara abin da ba zan ƙarasa ba.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko shi ne ka fahimci yadda ake rabon maki, domin shi zai nuna maka inda ya kamata lokacinka ya tafi. A NOUN aikin gida da ake kira TMA yana ɗauke da maki 30, jarrabawar ƙarshen zango kuma tana da 70, saboda haka wanda ya bar wa'adin TMA ya wuce ya zubar da kusan sulusin makinsa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Ka rubuta ranakun rufe TMA a bangon ɗakinka tun makon farko.

Na biyu, ka daina neman karatu a ƙarshen yini, lokacin da aiki ya riga ya kwashe ƙarfinka. Salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida, kuma mafi tsarkin waɗannan gidaje shi ne tsakanin sallar asuba da fitarka aiki, domin babu baƙo, babu kiran waya, yara ma ba su fara hayaniya ba. Minti 45 a wannan lokaci, kwana 6 a mako, ya kai awa huɗu da rabi, kuma hakan ya fi zaman dare guda da mutum yake yi yana gyangyaɗi a kan littafi. Sharaɗinsa dai shi ne kwanciya da wuri, wanda ke nufin majalisar bayan isha'i za ta rasa ka na ɗan lokaci.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam, na yarda da batun asuba, amma a ganina jadawali ba zai warkar da wannan ciwo ba matuƙar kayan sun fi ƙarfin mai ɗauka. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa huɗu ka haɗa. Ka zauna da shugaban Islamiyyar ka roƙi a rage maka kwanaki har ka kammala, sannan kada ka cika wa kanka darussa a zango ɗaya don kawai ka gama tare da abokan shigarka, tunda an gina wannan tsarin karatu ne domin ma'aikaci ya tafi daidai ƙarfinsa.

Game da hidimomi kuma, ba dukkansu ne nauyinsu ɗaya ba. Jana'iza da duba marar lafiya ba a ɗaga su. Ɗaurin aure kuwa, wanda shi kansa ba ya ɗaukar dogon lokaci, za ka iya halarta, a shafa fatiha, ka gaisa da iyaye ka dawo. Zaman hira na bayansa ne yake cin yinin. Wasu sunayen ma uwargida za ta iya wakiltarka da ɗan abin barka. Wannan ne ya kawo ni ga abin da maza da yawa suke mantawa: ka yi shawara da iyalinka tun yanzu, domin ita ce za ta tsare maka ƙofa a lokacin karatu, kuma ita ce za ta ɗauki abin da ka sauke. Idan ba ta san ranar da wahalar za ta ƙare ba, haƙurinta zai riga karatunka ƙarewa.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Ɗana, abin da suka faɗa maka daidai ne, sai dai in ƙara abu ɗaya da makarantun allo suka daɗe da sani. Alƙur'ani izu 60 ne, amma gardi ba ya haddace shi sai ta hanyar rubuta kaɗan a allo, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, kuma duk da haka ana ba shi hutun Alhamis da Juma'a. Ka raba kowane littafin darasi zuwa kason da za ka iya gamawa a zama ɗaya, ka kuma ware yini guda da ba za ka buɗe littafi ba. Ina kuma ba ka shawarar ka buga littattafan a takarda idan aljihu ya yarda, domin wayar da kake karatu da ita, ita ce kuma take ɗauke da WhatsApp, ga kuma rashin wuta da zai iya katse ka. Kada shirin darasin ɗalibanka ya raunana saboda digirin, domin amanarsu ta riga shi hawa wuyanka.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan fara da asuba daga wannan makon, kuma zan nemi a bar mini yammacin Litinin da Laraba a Islamiyya. Abin da ya rage mini shi ne watan azumi, lokacin da sahur da tarawihi da tafsiri suke sauya barci gaba ɗaya. Shin karatu bayan sahur ya fi, ko kuwa in rage darussa a zangon da azumi ya faɗo a cikinsa?