Me ya sa ba a sa kalangu cikin kayan kiɗa masu tsirkiya?

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum. A wannan zangon karatu muka fara darasin nazarin kiɗe-kiɗen al'ummomin duniya, kuma tun makon farko aka jero mana kalmomi huɗu, wato idiyofon, membranofon, kodofon da ayrofon, aka ce kowane abin kiɗa yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Na haddace su, amma ban gane ma'aunin da ake bi ba. Kalangu cike yake da tsirkiya a jikinsa, goge kuma yana da fata, to me ya hana a juya musu gida? Ina roƙon masana su warware mini.

Tsohon malamin kiɗa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tambaya ɗaya tak ake yi wa kowane abin kiɗa: mene ne yake girgiza har sauti ya fito? Masana kiɗa Erich von Hornbostel da Curt Sachs ne suka fitar da wannan tsari a shekarar 1914, bayan sun faɗaɗa aikin Victor Mahillon na gidan adana kayan kiɗa da ke Burasels.

Ki lura da makaɗin kalangu idan ya rataya shi a kafaɗa. Da gula yake bugun fata, fatar ce take amo, ita kuwa tsirkiyar aikinta kawai ta ɗaure fatar ko ta sassauta ta yayin da ya matse ta a hammata, shi ya sa muryar take hawa tana sauka har ta kwaikwayi magana. Saboda haka kalangu membranofon ne, tare da kotso da taushi da tambari. Goge kuma akasin haka ne, domin izgar dokin da ake gogawa ita take girgiza, ƙwaryar da fatar da aka rufe ta da ita suna ƙara wa sautin ƙarfi ne kawai. Shi kodofon ne, kamar garaya da gurmi da kuntigin Ɗan Maraya Jos, har da fiyano, wanda mutane da yawa ba sa zaton akwai tsirkiya a cikinsa. Algaita da kakaki da sarewa ayrofon ne, domin iskar da ake hurawa cikinsu ce take girgiza. Idiyofon kuwa shi ne wanda jikinsa da kansa yake ƙara, irin kuge da ƙwaryar amada.

Mai nazarin al'adu daga Maraɗi:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai ina so in ja hankalin ɗalibarmu kada ta ɗauka wannan ne kaɗai rabo. Mutanen Sin tun zamanin da sun kasa kayan kiɗansu gida takwas bisa abin da aka yi su da shi: ƙarfe, dutse, siliki, sandar gora, duma, yumɓu, fata da itace. Mu kuma Hausawa aikin ɗan Adam muke dubawa. Muna cewa kiɗa ga ganga da goge baki ɗaya, busa ga algaita, waƙa ga murya, kuma ba mu da kalma guda da ta tattara su ukun. Sannan muna tambayar wa ake yi wa: tambari da kakaki na sarauta ne, kalangu tun asali na mahauta ne kafin irin su Mamman Shata su kai shi ko'ina. Tsarin 1914 ba zai taɓa gaya miki wannan ba, kuma a ganina wannan ne rabin ilimin.

Ɗaliba daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Saura kalmar santi da na gani a ma'aunin sauti.

Tsohon malamin kiɗa:
Alexander Ellis na Ingila ne ya yaɗa wannan ma'auni a 1885. Ya raba tazarar da ke tsakanin wani sauti da takwaransa na sama zuwa santi 1200, ta yadda tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabta akwai santi 100. Da shi ne aka iya nuna cewa sautuka biyar na silendiro a kiɗan gamelan na Indonesiya, da wasu sautukan maƙamat, wato tsare-tsaren sautin kiɗan Larabawa, suna faɗawa ne a tsakanin maɓallan fiyano, kuma da gangan masu su suka saita su haka. Idan kin sami makaɗin gurmi, ki ɗauki muryar tsirkiyarsa a waya ki auna, sannan ki tambaye shi sunan da shi yake kiran kowace tsirkiya.