Neman shawara: yaya makuro zai kira wani makuro ya dawo masa da amsa a Excel?

Ɗan Tudun Hatsi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na hatsi a Tudun Hatsi, nan Gombe. Na rubuta makuro uku (wato jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa) da VBA, harshen rubuta makuro na Excel: na masara, na gero, na wake. Kowanne yana ninka yawan buhu da farashi, ya ɗora kuɗin dako. Makon jiya 'yan dako suka yi ƙari, na gyara biyu na manta da na wake, sai da mota ta tashi Kawu ya ga kuɗi ba su cika ba. Bai ce mini komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai, don amana ya ba ni.

So nake lissafin ya zauna wuri ɗaya, sauran su riƙa miƙa masa buhu da farashi yana ba su jimilla. Na yi Sub Jimilla(buhu, farashi). Da na rubuta Jimilla(40, 52000) sai layin ya yi ja, ya ce "Expected: =". Na mayar da shi kudi = Jimilla(40, 52000), ya ce "Expected Function or variable". Don Allah ina na kauce?

Malam Akawu, Bauchi: Wa'alaikumus salam. Matsala biyu ce ta haɗe maka. Ta farko ta alamar baka ( ) ce: Sub dai, ko ka kira shi da Call Jimilla(40, 52000), ko ka cire bakan gaba ɗaya ka rubuta Jimilla 40, 52000. Ta biyu ita ce babbar. Sub kamar yaron da ka aika ya kai saƙo ne, ya kai shi ke nan. Kai kuwa wanda zai je ya dawo da amsa a hannu kake nema, wato Function:

Function Jimilla(ByVal buhu As Long, ByVal farashi As Currency) As Currency
Jimilla = buhu * (farashi + Sheets("Saiti").Range("B1").Value)
End Function

Duba layin tsakiya da kyau. A VBA, sunan Function ɗin kansa ake ɗora wa amsar. In ka manta wannan layi ba zai yi ƙorafi ba, sifili kawai zai miƙo maka, kuma wannan ya fi jan layi haɗari. Kuɗin dakon buhu ɗaya ka ajiye shi a gidan B1 na wani shafi mai suna Saiti, duk ranar da aka yi ƙari gida ɗaya za ka taɓa. Yanzu kudi = Jimilla(40, 52000) zai yi aiki a cikin makuro ukun.

Anti Mai Albashi, Kumo: Ƙanena, kada ka tsallake ByVal ɗin nan da Malam ya sa. In ba ka rubuta komai ba, VBA na ɗaukar ByRef ne, ma'ana ainihin abinka ka miƙa, ba kwafinsa ba. Ya taɓa cin mu a wurin aikinmu: makuron da ke cire haraji ya rage albashi a cikinsa, ashe ya rage har a wurin wanda ya kira shi, aka cire wa mutane sau biyu. Kwana biyu ina bin layi ɗaya bayan ɗaya da F8 kafin na gano. Sannan ka guji Integer, wani nau'in ma'ajiyar lamba, a harkar naira, iyakarsa 32,767, da ka wuce zai tsaya ya ce "Overflow".

Baban Ummi: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Wannan lissafi ai ko ba makuro za a yi shi a cikin gidan Excel.

Ɗan Tudun Hatsi: Gaskiya ne Baba, sai dai makuron ne ke fitar da rasit ya kuma rage kaya daga lissafin sito. Malam, na gwada, masara da gero sun fito daidai, Allah Ya saka da alheri. Amma na danna Alt da F8 ban ga Jimilla a jerin makuro ba. Wani abu na ɓata?

Malam Akawu, Bauchi: Ba ka ɓata komai ba. Jerin nan ba ya nuna Function, ba ya kuma nuna Sub mai jiran a miƙa masa wani abu. Ukun naka za ka gani, su ne za su kira shi. Ka tabbata dai a Module yake, wato shafin rubuta makuro a editan VBA, kuma ba ka sa masa Private ba. In wata rana ka raba fayilolin, sai ka kira shi da Application.Run("'Hatsi.xlsm'!Jimilla", 40, 52000). Ka lura ban sa ɗ ko ƙ a sunayen ba, editan VBA yakan mayar da su alamar tambaya.

Ɗan Tudun Hatsi: Na wake ma ya fito, na gwada shi da rasit ɗin motar nan, ya nuna daidai gibin da Kawu ya ƙirga. Anti, na canza Integer biyu da na samu. Gobe in sha Allahu zan nuna wa Kawu B1 ɗin, don ko ba na shago ya iya canza kuɗin dakon da kansa.