Tsofaffin ɗalibai: yaya ake tara kuɗi mutane su sake yarda?

Malamin_Ƙauye ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan gefen Gujungu, na yi NCE a wata kwaleji da ba sai na kama suna ba, kuma 'yan shekararmu sun ɗora min sakatare a guruf ɗinmu na WhatsApp. Watan jiya na raka 'yar yayana rajista a can, wallahi abin da na gani ya tsaya min a rai, famfon ɗakin kwanan mata a bushe, yara 'yan mata sun jera bokitai tun da asuba suna jiran mai kura, wata na ganta zaune kan jarka tana karanta handawut don kar layi ya wuce ta. Mu ma mun sha wannan wahalar a lokacinmu amma ban zaci har yau tana nan ba.

To na kawo maganar a guruf cewa mu haɗa kuɗi a yi musu rijiyar burtsatse mai sola, sai kowa ya yi tsit. Kuma na san dalili. Shekarun baya mun taɓa ƙaddamar da gidauniya, aka kama kanofi da kujeru da lasifika, aka kawo maroƙi, aka gayyato manya, kowa ya karɓi makirfo ya yi alkawari jama'a na ta tafi, bayan an watse abin da ya shigo hannu bai kai kuɗin abinci da lemon da aka raba ba, sauran kuma a akawun ɗin mutum ɗaya aka zuba, har yau babu wanda ya ga lissafi. Tun daga nan in ka ce kuɗi sai mutane su fara fita daga guruf ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ta ina zan faro? Mu yawancinmu malamai ne da manoma, babu mai ƙarfi sosai a cikinmu.

Dattijo_Mai_Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya saka maka da wannan niyya. Na yi shekaru a ofishin kuɗi na wata babbar makaranta kafin na ajiye aiki, irin wannan na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Shirun da suka yi maka kar ka ɗauke shi rowa, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma gudu yake. Don haka kafin ka sake ambaton ko naira ɗaya, ku koma kan tsohon lissafin nan. A zauna da wanda ya riƙe kuɗin cikin mutunci, da dattawa biyu ko uku a wajen, ba a guruf ba inda za a yi ta jifan juna da magana, a fito da abin da ya shiga da abin da ya fita ko da kuwa ya yi giɓi, a karanta wa kowa. In ba ku wanke wannan ba, duk abin da kuka ɗora a kai zai rushe.

Bayan nan sai rajista. Ƙungiya irin taku a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake yi mata rajista da sunan amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, za ku rubuta tsarin mulki, ku zaɓi amintattu aƙalla biyu, a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da takardar nan ce banki zai buɗe muku akawun da sunan ƙungiya, kuma galibi za su nemi takardar SCUML, wato sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, da BVN na masu sa hannu. Ku sa mutum uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita, kuma kar ukun su zama 'yan gari ɗaya ko surukan juna. Duk ƙarshen wata ma'aji ya ɗauki hoton takardar banki ya saka a guruf, ko da abin da ya shigo dubu biyar ne.

Sannan ɗana, kar ku je ku kafa injin haƙa a harabar makaranta ba tare da takarda ba. Ku rubuta wa shugaban kwalejin, ku tambaya ko suna da jami'in da ke kula da tsofaffin ɗalibai da uwar ƙungiya ta makarantar gaba ɗaya, sashen ayyuka su nuna muku wuri, a kuma rubuta wa zai riƙa gyara in famfo ya lalace. Na ga rijiyar da aka yi bikin buɗewa da hotuna, bayan wata bakwai ta tsaya saboda ƙaramin gyara, makaranta na cewa ta ƙungiya ce, ƙungiya na cewa ai mun miƙa.

Ɗan_Wudil ya rubuta:

Baba ka yi haƙuri amma ni fa abin nan yana ci min rai. Me ya sa kullum talaka ne zai ɗauki nauyin da yake na gwamnati? Ina TETFund? Tun 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, a 2011 ya koma TETFund, ana cirar kuɗi daga ribar kamfanoni, da kashi 2 ne har aka kai shi kashi 3 a 2023, kuma kwalejojin ilimi suna da kasonsu, in an raba gida huɗu jami'o'i biyu, foliteknik ɗaya, kwalejin ilimi ɗaya. Malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ne zai haƙa wa kwaleji rijiya? A je wajen masu shi mana, ga Dangote nan ya gina wa BUK makarantar koyon kasuwanci, jami'ar garinmu ma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Ni shawarata ku yi amfani da yawanku ku matsa wa hukuma lamba, ku je rediyo ku faɗa.

Dattijo_Mai_Ritaya ya rubuta:

Ɗana maganarka akwai gaskiya, kuma ƙungiya mai rajista da mambobi ɗari biyu in ta rubuta takarda ana karantawa fiye da mutum ɗaya. Amma kuɗin TETFund yana da tsarinsa da layinsa, makaranta ce ke tsara abin da za ta nema, a kai Abuja a duba a amince, yaran nan kuwa gobe da asuba za su sake jera bokiti. A yi biyun duka. Rediyo kam a je, amma bayan an zauna da shugabannin makarantar, in ka fara da tona musu asiri sun rufe maka ƙofa kenan.

Maman_Husna ta rubuta:

Salam. Yaya Malam ni tambaya zan fara yi maka, mata nawa ne a guruf ɗin naku? Don na san yadda ake yi, ajin da mata suka kusa rabi sai ka tarar a guruf ba su fi goma ba, an yi aure an canza layi, wata wayarta ƙarama ce ba ta WhatsApp, wata maigidan ba ya son ta zauna guruf ɗaya da maza, kuma babu wanda ya taɓa nemansu. Alhali ɗakin kwanan mata kuke magana a kai, mu muka ɗauki ruwan nan a ka, mu muka san abin da ake nufi da a wayi gari babu ruwa ga mace. Ni ina koyarwa a wajen Ringim, mu a ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu guruf na mata daban muka buɗe, mace ɗaya take wakiltarmu a kwamiti, kuma saƙon murya muke yi ba dogon rubutu ba, mutum na tuƙa tuwo yana saurara.

Abin da ya fi ba ni haushi da ƙungiyoyin nan shi ne ba a tuna ka sai ranar da ake neman kuɗi. Shekara goma babu wanda ya kira ya ce ya gida ya yara, mahaifinka ya rasu babu ta'aziyya, sai kwatsam a turo maka lambar akawun. Mu shekara guda muka yi ba mu nemi ko sisi ba, muka yi ta tattara lambobi, kowace ta nemo ƙawayenta biyar, aka rubuta a littafi suna da gari da aikin da take yi, in an yi haihuwa ko rashi a je ko a kira, muka je gaida wata tsohuwar malamarmu da ta kwanta jinya, ta riƙe hannunmu tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya da sunan da take kiranmu a aji, a motar dawowa babu wadda ba ta yi hawaye ba, kuma a motar nan aka fara maganar mu riƙa tara wani abu. Dubu ɗaya ɗaya muke zubawa duk wata kamar adashe, da shi muka biya wa yara biyu marayu rajista, kuma ba a hannu muka ba su ba, mu muka biya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita muka saka rasit ɗin a guruf, muka rufe sunayensu don kar a tozarta su.

Wani abu kuma da ba ya cin kuɗi, ku taimaka wa yara su cike NELFUND, bashin karatun da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa a kansa, makaranta ake biya kai tsaye. 'Ya'yan ƙauye da yawa ba su ma san yadda ake shiga ba, wasu NIN ɗinsu da sunan JAMB ba su dace ba sai su haƙura. Mutum biyu masu kwamfuta su zauna musu kwana biyu ai babban aiki ne.

Alhajin_Riɗi ya rubuta:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, hatsi nake saye ina kaiwa Dawanau, amma ana yawan zuwa wajena da irin takardun nan shi ya sa zan sa baki. Malam ka daina tunanin albashi kawai. Ka ce mutanenka manoma ne, to manomi ba ya da kuɗi a watan Yuli da Agusta, lokacin taki ne da noma da ƙarancin abinci a gida, in ka roƙe shi a lokacin ka kunyata shi ne kawai. Ka bari sai kaka, an yanke riɗi an tsinke zoɓo an casa gero, ka ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, tiya biyar, tiya goma, mai hali buhu, a auna a gaban mutane a rubuta, a ajiye a shago ɗaya, ranar Lahadi a fitar Gujungu ko a jira farashi ya ɗaga. Mutumin da zai yi maka wuya ya ciro dubu biyar daga aljihu zai ba ka hatsin da ya fi haka da farin ciki.

Su kuma masu hali, ku daina tara su a fili da maroƙi, a gaban jama'a mutum zai faɗi abin da bai yi niyya ba don kar a raina shi. Ku same shi a gida bayan la'asar ku biyu ko uku, da takardar kiyasi daga mai haƙa rijiya, ku ce Alhaji aikin kaza ne, mu da kanmu mun tara kaza ga takardar banki, saura tanki da faifan sola. Ni in na ga mutane sun fara da guminsu nakan ji kunyar in mayar da su hannu rabbana, kuma na fi son a ce min sayi tanki da a ce min kawo kuɗi. Ku tuna masa sadaka ce mai gudana, Sayyidina Usman ma rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa jama'a. In an gama ku koma ku nuna masa hoton ruwa na zuba, yawancin masu zuwa wajena daga ranar da suka karɓa ban ƙara ganinsu ba. 'Yan siyasa kuwa ku yi hankali, in ɗaya ya sa hotonsa a jikin tankin, rabin mutanenku sun janye.

Malamin_Ƙauye ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Maman Husna na je na ƙirga, mata tara ne a cikinmu, kuma gaskiya ban taɓa lura ba sai da kika faɗa, daren nan na kira biyu daga ciki sun ce za su fara nemo sauran. Baba na yi waya da wanda kuɗin baya ke hannunsa, ban zaci zai saurare ni ba amma ya ce shi ma abin na damunsa, wasu rasit ɗin suna nan a jakarsa, mun sa ranar Asabar a gidan wani tsohon malaminmu. Maganar rijiya zan jingine ta zuwa kaka kamar yadda Alhaji ya ce, kafin nan mu kai wa makaranta takarda. Baba tambaya ɗaya ta rage, rajistar CAC ɗin nan dole sai mun ɗauki lauya ko za mu iya cikewa da kanmu ta intanet, kuma kuɗin buga jaridar daga ina ya kamata ya fito tunda asusun babu komai yanzu?